Yadda Za Ka Rubuta Labarin Yaƙin Teku Ko Da Ba Ka Taɓa Hawa Jirgin Ruwa Ba

Kwanakin baya wani matashin marubuci ya turo mini babi uku na littafin da yake rubutawa a kan sojojin ruwa. Hausarsa garau, labarin kuma yana tafiya, har na kai inda jiragen yaƙi biyu suka yi kiciɓis a tsakiyar teku. Sai ga kyaftin ɗinmu ya fito sarari, ya hango kyaftin ɗin abokan gaba, suka yi kallon-kallo, ya daka masa tsawa, ya yi wa kansa kirari. Na ajiye waya na yi dariya. Ba raini ba ne, na gane inda ya ɗebo abin. Mun tashi da littattafan sadaukai, inda ake ja daga, a yi fito-na-fito, takobi ya haɗu da takobi. A yaƙin teku na yau, wanda zai kashe ka yana iya kasancewa kilomita 50 daga inda kake. Ba ka san fuskarsa ba, bai san taka ba. Abin da kowannenku yake gani ɗigon haske ne a allon na'ura, kuma babu mai rantsuwa ko ɗigon nan jirgin yaƙi ne, ko na fasinja, ko hadari ne ya haɗo.

Irin waɗannan littattafai sun fi bunƙasa a Amurka da Ingila, kuma wanda ya karanta su da yawa zai lura cewa sunayen makamai ba su ne ke hana shi barci ba. Abu uku ne: mutanen da ke cikin jirgin ba su san abin da ke tunkaro su ba, ba su da wurin gudu, kuma lokacin yanke shawara ƙanƙane ne. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na shigar da waɗannan ukun cikin labarinka.

Fara da zaɓen ruwa ɗaya da jirgi ɗaya

Kuskuren sabon shiga shi ne haɗama. Yana son katafaren jirgin Amurka mai ɗauke da jiragen sama, wanda mutanen cikinsa sun kai 5,000, ga jirgin ƙarƙashin teku, ga fadar shugaban ƙasa, duk a littafi guda. Ka rage buri. Jirgi mai mutum 80 zuwa 200 ya ishe ka, domin a nan ne kowa ya san kowa, kuma idan mutum ɗaya ya mutu za a ga gurbinsa a wurin cin abinci.

Ruwan da ka zaɓa shi zai faɗa maka irin yaƙin da za a yi. A Tekun Fasha da Bahar Maliya wuri ne matsattse, cike da jiragen dakon mai da kwale-kwalen masunta, don haka matsalar ita ce rarrabe abokin gaba da ɗan kasuwa. A Bahar Aswad, yaƙin Rasha da Yukren ya nuna cewa ƙasar da kusan ba ta da manyan jiragen yaƙi tana iya gigita mai su: babban jirgin Rasha, Moskva, ya nutse ranar 14 ga Afrilu 2022, Yukren ta ce ita ta harbe shi da makamai masu linzami biyu, Rasha ta ce gobara ce. A Tekun Atlantika ta kudu kuwa, inda Birtaniya da Ajantina suka gwabza a 1982 kan tsibiran Fokland, sanyi da nisa daga gida su ma abokan gaba ne.

In kana son ruwan da ya fi kusa da mu, ga Tekun Gini. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, da manyan shiyyoyin sojin ruwa uku a Legas da Kalaba da Yenagowa, har da sansani a Baga a bakin Tafkin Chadi. Abokin gaba a nan ba wata ƙasa ba ce, 'yan fashin teku ne da ɓarayin ɗanyen mai. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya baki ɗaya, 130 a wannan yankin aka ɗauke su. Wani abin daɗi ga marubucin Hausa shi ne jiragen yaƙin Najeriya da dama sunan Hausa gare su: Aradu, wanda aka ƙera a Jamus ya fara aiki a 1982, da Damisa, da Dorina, da Kyanwa, da Kada wanda ya iso a 2022. Amma ka ƙirƙiri naka jirgin da nasa sunan, don kada ka ɗora wa mutanen gaskiya laifin da ba su yi ba. Ka kuma sani Najeriya ba ta da jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku. In ka ba ta shi a labari, ka san ka shiga almara.

Zana jirgin a takarda

Wannan aikin yini ɗaya ne, kuma zai cece ka daga kunya a babi 30. Ɗauki takarda ka zana jirgin ta gefe, hawa-hawa. Can sama akwai ɗakin tuƙi mai tagogi, inda hafsan da ke duti yake tsaye. A ciki, inda babu taga ko ɗaya, akwai ɗakin sarrafa yaƙi: duhu, sanyin na'ura, alluna masu haske, mutane sanye da abin ji a kunne suna magana ƙasa-ƙasa. A jiragen zamani, nan kyaftin yakan zauna idan yaƙi ya tashi, ba can sama inda ake ganin teku ba. Ƙasa akwai ɗakin inji mai zafi da ƙara, da ma'ajiyar harsasai, da kicin, da ɗakunan kwana.

Ka sa alama a kan ƙofofi. An rarraba cikin jirgi ɗaki-ɗaki da bangon ƙarfe, kowace ƙofa in an datse ta ruwa ba ya wucewa. Wannan ne ke hana jirgi nutsewa idan ya ɓule a wuri ɗaya, kuma shi ne tushen mafi ɗacin shawarar da za ka iya ɗora wa taurarinka: a rufe ƙofa a ceci jirgi alhali akwai mutum a ciki, ko a jira shi. Ka kuma rubuta minti nawa mutum zai yi daga gadonsa zuwa wurin aikinsa, da tsani nawa zai hau. Ranar da hayaƙi ya cika ko'ina, da wannan taswirar za ka fitar da shi.

Zuba mutane, ka san wa ke sama da wa

Muƙaman sojan ruwa suna da tarko. Kyaftin na ruwa daidai yake da kanar na sojan ƙasa, laftanar na ruwa kuma shi ne daidai da kyaftin na ƙasa, kwamado kuwa birgediya ne. Sannan duk wanda aka damƙa wa jirgi ana kiransa kyaftin a cikin jirgin, ko da muƙaminsa bai kai ba. Ƙarƙashinsa akwai mataimakinsa, wanda horo da tsabta da rabon aiki ke hannunsa. Shi ne mai baƙin jini, don kyaftin ya samu ya zauna da farin jininsa. Akwai babban injiniya, wanda kullum amsarsa ita ce injin ba zai jure ba. Akwai kuma tsofaffin hannu, waɗanda ba hafsoshi ba ne amma sun shekara 20 a ruwa, kuma ƙaramin hafsa mai hankali ba ya yanke magana bai saci kallon fuskarsu ba.

Mutum huɗu ko biyar za ka bi, a wurare daban-daban na jirgin, domin babu mutum ɗaya da ke ganin yaƙin gaba ɗaya. Na ɗakin inji yana jin girgiza ne kawai. Mai kallon rada, na'urar hango abu daga nesa, yana ganin ɗigo amma ba ya jin warin hayaƙi. Kuku ya fi kowa sanin halin da mutane ke ciki, don yana ganin abin da aka bari a kwano.

Idan jaruminka ɗan Arewa ne, ba ka ƙirƙiri abin da babu ba. A makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna ake fara horar da hafsoshin ruwa, ƙananan sojoji kuma a Onne ta Jihar Ribas, kuma Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano, ya shugabanci rundunar sojin ruwa daga 2021 zuwa 2023. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ɗin Tiga ba, yau ga shi kwana uku ba ya hango ƙasa, yana amai a bokiti abokan aiki na yi masa tsiya: wannan kyauta ce gare ka, domin duk abin da ya ba shi mamaki zai ba mai karatunka mamaki, kuma duk abin da aka koya masa an koya wa mai karatu ba tare da lacca ba.

Rayuwar yau da kullum ita ce rabin littafin

Jirgi ba ya barci. An raba yini gida-gida, galibi awa huɗu-huɗu, wasu na duti wasu na hutu, kuma hutun ba hutu ba ne, don akwai shara da fenti da gyara da atisaye. Wanda ya tsaya daga sha biyun dare zuwa huɗun asuba, da safe ma ana neman sa. Gajiya ita ce cutar jirgi, kuma tana kisa ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. A 2017 jiragen yaƙin Amurka biyu sun yi karo da jiragen 'yan kasuwa wata biyu tsakani: Fitzgerald kusa da Japan a watan Yuni, mutum 7 suka mutu a ɗakin kwanansu da ruwa ya cika, John S. McCain kusa da Singafo a watan Agusta, mutum 10. Binciken da aka yi ya ambaci gajiya da ƙarancin horo, kuma a jirgi na biyun masu tuƙi sun ruɗe ne kan wace na'ura ke riƙe da sitiyari a lokacin.

Gadajen kwana hawa uku ne, tsakanin fuskarka da gadon sama bai kai kamu biyu ba. Kayanka duka a ɗan akwatin ƙarfe. A wasu jiragen ƙarƙashin teku mutum uku ke raba gado biyu, kana tashi wani ya kwanta a ɗumin jikinka. Ruwan sha daga na teku ake tace shi, don haka wanka na ƙa'ida ne: ka jiƙa jiki, ka rufe famfo, ka saɓa sabulu, ka ɗauraye. Kayan miya ɗanye sukan ƙare bayan mako ɗaya ko biyu, a koma na gwangwani. Idan teku ya tashi, kwano na tafiya a kan tebur, mutum na barci yana tokare da gwiwa don kada ya faɗo. Zo mu zauna, zo mu saɓa: minsharin wani, ko bashin da ba a biya ba, ko wasan ƙabilanci da ya wuce gona da iri, a nan sukan zama babbar magana, tunda babu inda za ka fita ka sha iska.

Akwai kuma abin da marubutan Turai ba su cika taɓawa ba, kai kuwa yana hannunka. Ina alƙibla idan jirgi na sauya hanya kowane minti goma? Wa zai tambayi mai tuƙi kafin a tayar da salla? Yaya azumi yake a ɗakin inji? Tun zamanin Manzon Allah (SAW) wani ya kawo tambayar matafiya teku masu ɗan guzurin ruwa, ko za su yi alwala da ruwan teku, aka amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Tsohon soja da zai tuna wa sabon yaro wannan hadisin ranar da injin tace ruwa ya lalace ya fi shafi biyar na bayanin halinsa.

Yi lissafi kafin ka rubuta gudu

A ruwa da mil na teku ake awo, kowane ɗaya mita 1,852 ne. Jirgin yaƙi mai sauri yakan yi mil 30 a awa, wato kusan kilomita 55, gudun da ɗan acaɓa zai raina, kuma ba ya daɗewa a haka don mai yake sha kamar me. Saboda haka in jirgin dakon mai ya yi kiran neman agaji daga nisan mil 120, kwatankwacin Kano zuwa Kaduna, jirginka kuma yana yin mil 20 a awa, sai bayan awa shida zai isa. 'Yan fashi kuwa aikin da zai kai su ga kwashe mutane su zuba a kwale-kwale bai kai haka ba. Kada ka ɓoye wannan awa shidan, a cikinsa labarin yake: kyaftin na kallon agogo, injiniya na kallon zafin inji, yaran da za su hau jirgin da aka kama suna ɗaura sulke suna kwancewa.

Farauta a teku ta kwanaki ce. A Fabrairun 2016 'yan fashi sun kama jirgin dakon mai mai suna Maximus a ruwan Kwaddibuwa, suka sauya masa suna don ɓad da sawu, aka yi ta bin sa fiye da mako guda kafin sojojin ruwan Najeriya, da jirginsu Okpabana, su ƙwato shi can wajen tsibirin Sao Tome. Ka lura da iyakoki ma: mil 12 daga gaɓa ruwan ƙasa ne sosai, har zuwa mil 200 kuma ƙasa na da haƙƙin arzikin da ke ciki. Ɓarawon da ya tsallaka ruwan maƙwabta ya jefa kyaftin ɗinka cikin jiran izini, wayar da ake bugawa hedikwata kuwa ba kullum ake ɗauka da wuri ba.

Fagen daga: sakan 80

Duniya a zagaye take, rada kuma ba ta leƙa bayan tudun ruwa. Makami mai linzami irin Exocet na Faransa yana tafiya ne dab da fuskar ruwa, yana cin kusan mita 300 a sakan guda. Radar da ke saman jirgi ba za ta gan shi ba sai ya matso kamar kilomita 25. Raba ka gani: kusan sakan 80 ne, ko ƙasa da haka. A cikinsu za a gane shi, a yarda cewa shi ne, a faɗa wa mai ba da umarni, a juya jirgi, a harba abin kariya. Ka karanta sakin layin nan da ƙarfi kana duba agogo, za ka ga rabin lokacin ya tafi.

Hanyar koyon rubuta wannan fage ita ce nazarin inda abin ya faru da gaske. Ranar 4 ga Mayu 1982 jiragen saman Ajantina suka harbi jirgin Birtaniya mai suna Sheffield. Wani jirgin da ke kusa ya ji alamar radarsu, ya yi shela, amma an sha yin irin wannan shelar a kwanakin ba a ga komai ba, sai manya suka ɗauka wannan ma haka ne. A daidai lokacin Sheffield na aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, abin da ya toshe kunnen na'urarsa ta sauraron radar abokan gaba. Hafsan da ke kula da harin sama kuma ya ɗan fita shan kofi. Babu mugu a cikinsu, babu maci amana. Ƙananan abubuwa ne uku suka haɗu a minti ɗaya, mutum 20 suka mutu. Haka za ka gina naka: ka shuka ƙananan sakaci tun babi na uku, kowanne da uzurinsa mai kyau, ka bar su su haɗu a babi na 20.

Sai kuma labarai biyu da ya kamata ka karanta a jere, don su ne zuciyar wannan fanni. Ranar 17 ga Mayu 1987, a Tekun Fasha, jirgin saman Iraƙi ya tunkari jirgin Amurka mai suna Stark. Ba a ɗauki Iraƙi abokiyar gaba ba a lokacin, don haka ba a harbe shi ba. Ya saki Exocet biyu, mutum 37 suka mutu, da yawansu a ɗakin kwana, kyaftin ɗin ya rasa kujerarsa. Bayan shekara ɗaya da 'yan makonni, ranar 3 ga Yuli 1988, wani jirgin Amurka, Vincennes, yana tsakiyar musayar wuta da ƙananan kwale-kwalen Iran, sai rada ta nuna jirgin sama ya taso daga garin Bandar Abbas na Iran ya nufo su. Mutanen ɗakin yaƙi suka ce jirgin yaƙi ne, kuma yana yin ƙasa kamar mai shirin hari. Na'urar jirgin da kanta ta rubuta cewa sama yake yi. Kyaftin ya ba da umarni. Jirgin fasinja ne mai zuwa Dubai, da mutum 290 a ciki, 66 yara ne, babu wanda ya tsira. Na farko ya jira, aka kashe mutanensa. Na biyu bai jira ba, ya kashe bayin Allah. Kyaftin ɗin labarinka ya san duka biyun, kuma da su yake kwana. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji Bahaushe, sai dai a nan ana tilasta wa mutum ya yi harbi a cikin duhun ko ya ƙi.

In kana son ɗanɗanon yaƙin ƙarƙashin ruwa, ka tuna can ido ba ya aiki, kunne ne komai. Sauti na gudu a ruwa kusan mita 1,500 a sakan, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, don haka faɗuwar sifana a ɗakin inji na iya tona asirin jirgi. Jirgin Birtaniya Conqueror ya fi yini guda yana bin General Belgrano na Ajantina a ɓoye, yana jiran izini daga Landan. Da izinin ya zo ranar 2 ga Mayu 1982, tsofaffin tofido, wato makaman da ke tafiya ta ƙarƙashin ruwa, irin na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya harba, don kwamandan ya fi amincewa da su a kan sababbin. Mutum 323 suka mutu. Wannan ƙaramar gaskiyar, ta mutum ya bar sabon makami ya ɗauki tsoho, irin ta ce ke sa mai karatu ya yarda da kai.

A rubutun kansa, ka gajarta jimloli, ka tsaya a idon mutum ɗaya har sakan 80 ɗin su ƙare. Kada ka yanke ka kai mu wurin matuƙin jirgin abokan gaba yana murmushin mugunta. Da zarar mai karatu ya san abin da ɗigon yake, fargabar ta tafi.

Bayan an harbe ku

Yawancin sababbin marubuta a nan suke rufe babi, alhali nan ne jarumtar da kake nema take. Kowane sojan ruwa ɗan kwana-kwana ne, domin a teku babu wanda za a kira. Wuta, hayaƙi, ruwa mai shigowa, lantarki ya ɗauke. Ruwan da kake kashe wuta da shi ma nauyi ne, in ya yi yawa sai ya karkatar da jirgin. A Sheffield makamin ya fasa babban bututun ruwan kashe gobara, aka yi awanni ana fama kafin a bar jirgin. A Afrilun 1988 jirgin Amurka Samuel B. Roberts ya taka nakiya a Tekun Fasha, ƙashin bayansa ya karye, mutanensa suka ɗaure shi da igiyoyin ƙarfe don kada ya rabe biyu, suka ceto shi ba tare da an rasa rai ba. A tashar Aden ta ƙasar Yaman kuwa, ranar 12 ga Oktoba 2000, ƙaramin kwale-kwale maƙare da bam ya fashe a jikin jirgin Amurka mai suna Cole daidai inda mutane ke layin abincin rana, 17 suka mutu. Ga gurbin sadaukinka: makaniken da ya koma cikin hayaƙi don ya murɗa famfo ɗaya. Ba zai yi kirari ba, abin shaƙar iska ne a bakinsa.

Harshe

A jirgin Najeriya Turanci da burokin ake yi, kai kuma da Hausa kake rubutu. Kada ka cika shafi da Turanci don a ce ka yi bincike. Ka ɗauko tsarin maganar kawai: umarni gajere ne, kuma wanda aka ba wa yakan maimaita shi don a tabbatar ya ji daidai.

"Juya dama, digiri 20."

"Dama, digiri 20, Yallaɓai."

Ka yi haka sau da yawa a babin farko har kunnen mai karatu ya saba. Ranar da aka ba da umarni aka ji shiru, ba sai ka ce masa wani abu ya faru ba. A ɗakin kwana kuwa sai ka saki harshe, "Oga" da "mutumina" da zolaya su dawo. Kowace na'ura ka ba ta suna ɗaya na Hausa ka tsaya a kai, ka bayyana aikinta sau ɗaya ta hannun mai amfani da ita, ka wuce.

Kai wa wanda ya sha ruwan teku

In ka gama, nemi tsohon sojan ruwa ko ma'aikacin jirgin 'yan kasuwa da ya yi ritaya. Ba su yi wuyar samu a garuruwanmu ba kamar yadda ake zato. Kada ka tambaye shi sirrin aiki, ba zai faɗa ba, kuma zai daina sakin jiki da kai. Ba shi babi biyu na zaman lafiya, ba na yaƙi ba, ka ba shi jan biro ya ja layi a duk inda ya ce "ba haka ake yi ba". Sannan ka haɗa masa shayi ka yi tambayoyin da ba su cikin kowane littafi: wane wari ne ke fara tarbar mutum in ya shiga jirgi, wane abinci aka fi tsana, me ake yi wa sabon yaro a makonsa na farko, da kwana nawa ƙasa takan yi tana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa bayan ya sauka.